Tuwon da Nake Aunawa Ran Laraba

Jiya ɗayanku, wancan mai farin tabarau da ke ɓuya a bayan ɗan'uwansa, ya ce wai aikin nan namu ba sana'a ba ne. Wai ka shiga kasuwa, ka ce "nawa ne?", ka latsa a waya, ka dawo ofis ka sha sanyi. Na ji shi sarai. Ban tanka ba ne don bakina cike yake da goro. Yau babu goro, saboda haka ku gyara zama. Na fi shekara talatin ina ɗauko wa masu bincike farashin kaya da ƙidayar ma'aikata, kuma duk tsawon shekarun nan babu abin da ya taɓa girgiza ni kamar malmalar tuwo guda ɗaya, ta sule, a Gyaɗi-Gyaɗi.

Wanda ya koya mini aikin wani malamin jami'a ne, masanin tattalin arziki. Dakta kawai muke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, kuma in ka kawo masa lamba sai ya harare ta kamar ta riga ta yi masa ƙarya. Bincikensa a kan Kano ne: yadda garin ke kumbura, su wa ke shigowa, wane aiki suke samu, me ake biyansu, kuma me ladan ke iya saya musu. Ba a daɗe da canja kuɗi daga fam zuwa naira ba, mutane suna ta kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, kamar yadda bakinsu ya saba. Ni kuwa gama sakandarena ke nan, ina da keke da rubutu mai kyau. Su suka sa ya ɗauke ni, ba wani ilimi ba.

Ranar farko kasuwar Tarauni ya kai ni. Ya tsaya can nesa a gindin wata darbejiya, ya ce in je in jiyo masa kuɗin tiyar gero. Na tafi da farar rigata da agogona da allon rubutuna, na tambaya, na rubuta, na dawo ina taƙama. Ya dubi takardar, ya dube ni.

"Ina geron?"

"Ranka ya daɗe, ai jiyowa ka ce in yi."

"To ciro agogon nan ka ba ni. Ajiye allon. Ungo, koma wurin na kusa da shi ka sayo, kamar innarka ce ta aike ka."

Na koma na taya, aka ce albarka. Na ƙara kaɗan, aka ce albarka. Na juya kamar zan tafi, aka kira ni aka sallama. Abin da na biya ya yi ƙasa ƙwarai da abin da na rubuta da farko. Dakta ya ce, "Inuwa, abin da aka faɗa maka ba shi ne farashi ba. Farashi shi ne abin da ya fita daga aljihun mutum, da abin da ya shiga ƙwaryarsa. Na farkon ka gani. Na biyun sai an auna." Sai ya buɗe bayan mota ya fito da sikeli.

Sikelin nan shi ne uban kayan aikina. Na tebur ne, da faranti a sama, da allura a fuska kamar agogon bango. Na ɗinka masa riga da buhu, ina ɗaure shi a bayan keke da robar tayar mota. Kullum da safe sai na gwada shi da wani dunƙulen ƙarfe na awo kafin in fita, don ramukan hanya kan karkatar da allurar. Sai tiyar ofis, wadda ba a taɓa taɓa gindinta ba, don wasu 'yan kasuwar sun iya bubbuga gindin kwano ya shige ciki, ya cinye maka tafin hannu guda na hatsi kana kallo. Sai allon katako mai maƙalli, da fensir uku, da reza ta fiƙe su. Biro kuwa Dakta ya haramta shi. Zufa ko yayyafi ya taɓa takarda, aikin mako guda ya bi ruwa. Ku in batirinku ya mutu kuna dawowa kuna tura baki, mu babu wurin dawowa, sai dai ka cusa allon cikin riga ka ci gaba.

Sai taswira, abin ban dariya. Wata ranar Litinin ya aike ni ƙirga gidaje a bayan titin Zariya, wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Taswirar ta ce gona ce. Na je na tarar da gida bakwai, biyu har an tare, ga wata mata tana shanya. Bayan wata ɗaya na koma, bakwai ɗin sun haihu, har na ɓata a lungun da ban san da shi ba. Haka wurin yake a lokacin. Ka wuce da damina ana noman gero, ka dawo da kaka ka tarar an haƙa harsashi a tsakiyar karan.

Ƙirga mutane ya fi ƙirga gidaje wuya, don kowa ya gan ka da takarda haraji yake tunawa. A Ƙauyen Alu wani dattijo ya rantse mini su uku ne a gidansa, ni kuwa ina zaune a zaurensa ina kallon takalman manya ƙafa goma sha ɗaya a bakin ƙofa. Daga baya na gane hanya. Ka fara gaida mai unguwa. Ka bar allon a keke. Ka sha ruwan da aka ba ka ko da ba ka jin ƙishi. Kada ka ce "ku nawa ne?", ka ce "Baba, da tsadar nan, tiya nawa ake ɗora muku a rana?" Nan take zai faɗa maka har da ƙari, don kowa yana son a ji nauyin da ke kansa. Wannan babu wayar da za ta koya muku shi.

Amma zuciyar binciken Dakta leburori ne. Fari ya yi ɓarna a shekarun da suka gabata, ƙauyuka suka juye cikin gari. Da sassafe za ka gan su a bakin titi, wasu da shebur, wasu hannu biyu kawai, suna jiran heluma, wato shugaban leburori, ya nuna su da yatsa. A nan na san Sale. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Rano, matarsa da 'ya'yansa biyu suna can. Ba a daɗe da zuwansa ba, sai da kaya suka fara tsada ya shigo garin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai son dariya, kuma shi ne ya fara yarda ya amsa mini tambayoyi lokacin da sauran ke gudun allona. Aikinsa ɗaukar kwanon kankare a ka, ya hau tsanin katako da shi zuwa saman bene, ya juye, ya sauko, ya sake ɗauka, tun hantsi har la'asar. A cikin ginin yake kwana, kan buhunan siminti da aka zazzage. Ba ya biyan haya, ba ya sayen itace, ba ya sayen hatsi, don ba shi da mai dafa masa. Shi da ire-irensa dafaffe suke saya. Ku riƙe wannan, nan maganar take.

Inda suke ci kuwa wurin Inna Dije ne. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ta kafa rumfa a ƙofar gidanta tana sayar da tuwon gero da miyar kuka, malmala sule. Da azahar rumfar ba masaka tsinke, leburori a tsugune kowa da kwanonsa. Da yake Dakta ya san dafaffen abinci ne rayuwar lebura, sai ya sa mini shi a takarda. Duk ranar Laraba in je wurin Inna Dije da wasu masu tuwo biyu a nan kusa, in sayi malmala ɗaya, in auna ta ba miya, in rubuta kuɗi da nauyi.

Larabar farko da na jingina keke zan tsuguna a rumfa, Inna Dije ta daka mini tsawa.

"Kai, ɗan nan! Malami guda ka zauna a titi cikin siminti? Shige zaure."

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwon a langa mai murfi, miya daban. Na ba ta sule, na auna, na rubuta, na cinye. Haka muka yi kowace Laraba. Ina shigowa ta ce, "Malam mai awo ya iso," ta ɗauki langar ta shige ciki ta zubo. Sauran biyun ma haka suke mini, kowacce da inda take zaunar da ni. Ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa na iya zama da jama'a.

Sai mummunar shekarar ta zo. Gwamnati ta yi wa ma'aikatanta wani gagarumin ƙarin albashi, har da na watannin baya a dunƙule. Wallahi ban taɓa ganin kasuwa ta haukace irin na lokacin ba. Masinja ya sayi rediyo, akawu ya sayi babur, mai shago ya ga haka ya kwana ya tashi da sabon farashi. Ina rubuta kuɗin man gyaɗa ran Litinin, ran Alhamis in goge. Sabulu, kananzir, sukari, gero, dawa, babu wanda ya tsaya. Fensir uku ba sa kai ni mako. Abu ɗaya ne kawai a takardata bai motsa ba: tuwo, sule, allurar sikeli a inda ta saba tsayawa.

Leburan gini ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su samu ko kwabo ba. Suka haƙura, suka haƙura, ran nan suka ajiye kwanuka suka zauna a inuwa kwana biyu. 'Yan kwangilar da ke gine-gine a wajen suka taru wurin babbansu, wani Alhaji, suka ce to, ba za a yi ta ja-in-ja ba. Ga Dakta yana bincike a kan abin nan, ba ya cikinmu, ba ya cikinku. Ya faɗi yadda rayuwar lebura ta ƙara tsada, abin da ya faɗa shi za a ƙara a ladan yini. Leburori suka yarda, suka koma aiki.

Ranar Sale ya tare ni, fuskarsa fari fat da siminti, yana murmushi.

"Malam, an ce takardarka za a duba. Mu ba mu iya karatu ba, kai ne bakinmu. Ka rubuta abin da ka gani kawai."

Na ce, "Sale, ko ubana ne ba zan rubuta masa abin da ban gani ba."

Ya ce, "Ai shi ke nan. Don wallahi tuwon nan yanzu ba ya kai ni la'asar. In na hau tsani sai in ga ƙasa tana juyawa."

Na ji maganar nan da kunnena. Na ji ta! Amma a raina na ce lebura kullum cikin jin yunwa yake, kuma kowa a garin nan kukan tsada yake yi. Kuka ba ya shiga takarda, abin da sikeli ya ce shi ke shiga. Na hau kekena na wuce.

Dakta dai bai yarda da lambar ba. Ya kira ni ofis, ya ɗora yatsa a kan layin tuwo.

"Inuwa, gero ya tashi haka, itace ya tashi, a ce tuwo yana nan? Kana zuwa kuwa, ko a gindin bishiya kake zama ka cike takardar?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. A sana'armu babu zagin da ya kai wannan. Na ce, "Ranka ya daɗe, Laraba jibi ce. Mu je tare."

Muka je. Inna Dije ta ga mota, ta ga babban malami, ta rasa inda za ta sa mu. Sabuwar tabarma ta fito da ita. Dakta da hannunsa ya ɗora malmalar a faranti, allura ta tsaya inda take tsayawa, har ta ɗan gota. Ya nemi gafarata a mota. Sannan ya zauna ya yi abin da masu ilimi ke yi in lamba ta ƙi hankali: ya nemo mata dalili. Ya rubuta shafuka masu kyau cewa matan nan suna samun hatsi daga gonakin danginsu na bayan gari, kuma suna tsoron gudun masu saye, don haka su ke shanye tsadar. Na karanta, na ce kai, ilimi daɗi.

Ranar da aka kai rahoton ofishin Alhaji ni na riƙe jaka. Akawunsa ya karanta, ya fassara. Da aka zo wurin da ya ce yawancin ladan lebura a abinci yake tafiya, kuma abincin bai ƙara kuɗi ba, bai rage nauyi ba, sai Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Alhamdu lillahi. To me ake wa hayaniya?" Aka ƙara musu sisi a yini, wai kuɗin sabulu. Da heluma ya faɗa musu a bakin gini, kowa ya ɗauki kwanonsa ya koma aiki.

Washegari Alhamis ce, ba ranar awona ba. Na biyo ta wajen da azahar zan wuce kasuwa, sai Sale ya fito daga bayan tarin bulo ya riƙe kan kekena. Babu dariya a fuskarsa.

"Malam, sauko da abin awon nan."

"Sale, yau ba—"

"Don girman Allah sauko da shi. Ka tsaya nan bayan bulo, kada Inna Dije ta gan ka."

Na kwance sikeli na ɗora a kan bulo. Ina leƙe ya tafi rumfa, ya miƙa sulensa, aka zuba masa a kwanonsa, ya dawo. Ya sa hannu ya ɗauko malmalar ya aza a faranti. Tun kafin in dubi allura na san akwai matsala, don abin da na gani a farantin bai fi dunƙulen hannuna ba. Allurar ta taso, ta yi rawa, ta tsaya. Da ƙyar ta wuce rabin inda na saba gani.

Na ce sikelin ne ya lalace. Na ciro ƙarfen gwaji na ɗora, ya nuna daidai. Na kira wani lebura da ke wucewa da kwanonsa, na ce ara mini. Haka. Na kira na uku. Haka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Sale bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ɗauke tuwonsa daga faranti, ya ce, "Wannan muke ci, Malam," ya koma ya tsuguna. Ni kuwa na kasa hawa keken. Tura shi na yi har bakin titi.

Da na faɗa wa Dakta, ya cire tabarau ya ajiye. Can ya ce, "Har ni? Da hannuna fa na auna." Ya ɗauki makulli, muka koma tare.

Inna Dije ta fara ɗauko tabarma, Dakta ya ce ta bari. Na ce, "Inna, don Allah, me ya sa tuwon da kike zuba mini ba shi kike zuba wa su Sale ba?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake sallama kafin a shiga gida. Ta shiga ciki, ta fito da mara guda huɗu, ɓallin ƙwaryar nan da ake kwasar tuwo da shi, ta jera su a ƙasa a gabanmu. Cikin mara ɗaya, malmala ɗaya, haka take yi. Ta farko babba, ta yi baƙi don tsufa. Ta biyu an rage mata baki. Ta uku an ƙara ragewa. Ta huɗun, sabon yanka, ba ta fi tafin hannun yaro ba.

Ta ce, "Gero ya tashi, sulen bayin Allah nan bai tashi ba. In na ce sule da sisi, rabinsu ba za su iya ba. In na bar shi yadda yake, in rufe rumfa. Sai in sa wuƙa in rage bakin mara, kowa dai ya samu abin da zai sa a cikinsa. Sau uku ke nan ina ragewa, kuma duk ranar da na rage ba na iya haɗa ido da su."

"To ni fa, Inna?"

"Kai ai baƙo ne, malami, ka zo da takarda tun daga jami'a. In ɗauki wannan abin kunyar in sa maka a gaba? Kuma ka rubuta, a kai wa manya, a ce tuwon Dije bai fi ƙwan agwagwa ba? Haba, ɗan nan. Taka marar daban take, ga ta nan, tun ta farko. Duk Laraba faɗuwa nake yi a kanka, ban taɓa faɗa maka ba. Ka je ka tambayi sauran ma, duk mai mutunci haka za ta yi."

Dakta ne ya yi mata bayani a hankali, cewa takardar da nake rubutawa ita aka duba aka hana leburori ƙari, don ta nuna tuwonsu bai ragu ba. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta shige ta. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na shiga uku! Ni na hana su? Ni da nake ciyar da su? Wayyo Allah, da ka faɗa mini abin da awon yake yi!"

Dakta ya ce, "Ba ke ba ce, Inna. Ke karamci kika yi. Mu ne muka zo awo muka zauna a tabarmar baƙi."

Mako guda muka yi muna gyara. Ban ƙara kusantar rumfa ba. In tsaya a bayan gini da sikeli, leburori su sayo da kansu su kawo, tuwo, fura, ƙosai, duk abin da suke ci. Babu wanda bai ƙanƙance ba. Dakta ya yage shafukan nan nasa masu kyau a gabana, ya rubuta sabuwar takarda, ya sa a farkonta cewa ta baya kuskure ce kuma laifinsa ne. Sunana bai ambata ba. Muka kai wa Alhaji. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe aljihun tebur ya fito da ta farko.

"Dakta, wannan ba sa hannunka ba ne? Jiya ka ce fari, yau ka ce baƙi, gobe fa? An riga an zauna an tashi. Sai bayan damina in Allah ya kai mu, a sake dubawa."

Dakta ya roƙe shi. Ban taɓa jin ya roƙi kowa ba sai ranar. Alhaji ya ce a gaida gida.

An yi ƙarin daga baya, bayan damina, kuma da sabuwar takardar aka yi shi. Amma ba da Sale ba. Mako uku bayan komawarmu wurin Alhaji ake zuba rufin wani bene, ranar da kwano ba ya tsayawa tun safe. Wajen la'asar Sale ya kai tsakiyar tsani da kankare a ka, jiri ya ɗebe shi. Waɗanda suka gani sun ce bai ko yi ƙara ba, sakin tsanin kawai ya yi. Cinyarsa ta karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure, aka ce sai dai gida, don ba mai jinyarsa a cikin kangon gini.

Ranar da za a sa shi a motar ƙauyensu na biya wurin Inna Dije. Ta riga ta ji labarin. Ta ɗauko tsohuwar marar nan, tawa, ta kwashi malmala biyu ta sa a langa, tana share ido da gefen mayafi. Na miƙa kuɗi ta ture hannuna.

Na same shi a kwance a bayan akori-kura, an jingina shi da buhu, ƙafar a miƙe cikin karare. Ya rame, amma da ya gan ni sai da ya yi ƙoƙarin tashi.

"Malam, ka gyara takardar?"

"Na gyara, Sale. Ka yafe mini."

Na buɗe langar na ajiye a gefensa. Ya daɗe yana kallon tuwon. Sai a lokacin na tuna, shi bayan an fara rage mara ya zo garin, kuma ni a zaure nake ci, a rufe. Bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya sa hannu ya ɗaga malmala ɗaya, ya jinjina nauyinta.

"Wannan ne kake aunawa?"

"Shi ne."

"Na sule?"

"Na sule."

Ya girgiza kai a hankali. "To ba ka yi ƙarya ba, Malam. Da wannan nake ci, ai da ban saki tsanin nan ba."

Ya ci rabin ɗaya. Sauran ya ƙulle a tsumman da yake naɗe gammo da shi, ya ce zai kai wa yara su ga tuwon birni. Direba ya tayar da mota, na sauko da langar Inna Dije a hannuna, babu komai a ciki.